Me ya sa waƙa take ƙin tashi a tabilet? Fashin baƙi daga memorin Kawu

Ranar wata Asabar da hantsi, sanyin Jos bai gama sakin mutane ba, Kawuna ya aiko a kira ni gidansa da ke Unguwar Rogo. Na same shi a zaure cikin rigar sanyi, ga tabilet ɗin da ɗansa ya aiko masa daga Abuja a kan cinya, ga kuma wani ɗan memori ya naɗe shi a takarda kamar laya. Abin da ke cikin memorin nan ya fi shekara 20 yana tara shi: kiɗan kuntigi da na kalangu da na taushi, waƙoƙin bege, karatun Alƙur'ani, da tafsirin azumi na shekaru daban-daban. Wasu daga kaset aka juyo su, wasu daga faifan sidi, wasu masu turi na Terminus ne suka sa masa, wasu kuma jikoki suka turo ta WhatsApp.

"Ɗan nan, duba mini abin nan. Rabi suna yi, rabi sun ƙi, wasu ma ban gan su ba sam. Wani yaro ya ce sai an kai shi an yi masa filashin."

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, kada a taɓa shi tukuna. Bari mu ga ciwon kafin a ba da magani."

Maganar filashin ɗin nan ce ta sa na zauna rubutun nan, domin takan ɓata mini rai. Filashin yana share duk abin da ke cikin na'ura ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, kuma waƙar da ta ƙi tashi kafin a yi shi za ta ci gaba da ƙi bayan an yi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Kalmar "ba ya yi" da muke faɗa tana rufe matsaloli da ba su haɗa hanya ba. Akwai waƙar da ba ta bayyana ba kwata-kwata, akwai wadda ta bayyana amma ta ƙi buɗewa, akwai wadda layinta ke tafiya amma shiru kake ji. Ta ƙarshen nan ba ta da wuya: fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ko dai sautin ya tafi wata sifikar Bluetooth da aka taɓa haɗawa, ko an rage ƙarar kiɗa, wadda dabam take da ƙarar kira. Sauran biyun su ne masu dogon bayani.

Sauti girgizar iska ce, ita kuwa kwamfuta lamba kaɗai ta sani. Don haka sai an auna sautin an mayar da shi lambobi. A faifan sidi ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ɓangaren dama dabam na hagu dabam, shi ya sa minti ɗaya ke cin kusan megabait 10. Haka nauyin yake a fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991. To makaɗanmu na gargajiya ba masu waƙar minti uku ba ne, makaɗi yakan yi rabin awa bai sauka ba. Waƙa ɗaya ke nan ta lashe megabait 300.

Wannan nauyin ne ya haifi MP3. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer da ke Jamus ne kan gaba wajen ƙirƙirarsa, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, aka raɗa masa sunan da muka sani a 1995. Dabarar tana da ban sha'awa. A gidan biki, lokacin da ganga ta ɗauka, ba ka jin raɗar wanda ke kusa da kai, alhali kuwa yana maganar. Kunnen ɗan Adam haka yake, ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni. Sai MP3 ya zubar da abin da kunne dama ba zai kama ba, ya riƙe sauran. Da wannan, minti ɗaya ya dawo kusan megabait 1 a ma'aunin kilobit 128 a kowace daƙiƙa, waƙar rabin awa ta koma wajen megabait 30.

Da ma a nan aka tsaya, da Kawu bai aiko a kira ni ba. Amma kowa ya fito da tasa hanyar matse sauti. AAC ya zo a 1997, shi Apple ya runguma, kuma galibi shi ne a cikin fayilolin da sunansu ya ƙare da m4a. Microsoft ya fito da WMA a 1999. FLAC ya zo a 2001, yana matsewa ba tare da zubar da komai ba. Opus ya samu ƙa'idarsa a 2012, da shi WhatsApp ke naɗar saƙon murya. Ga kuma AMR, wanda tsofaffin wayoyi masu madannai ke ɗaukar magana da shi. Kowanne yare ne mai zaman kansa, kuma manhajar da za ta kunna shi sai tana da tafintan wannan yaren, abin da masana ke kira kodek. Mu mutanen Jos ai mun fi kowa gane wannan. Idan wani ya yi maka magana da Birom ko Angas ba ka gane ba, ba kurma ba ne kai, shi ma ba shirme yake yi ba. Tafinta ne babu.

Da na buɗe manhajar duba fayiloli a tabilet ɗin Kawu, na bi sunayen waɗanda suka ƙi, sai ga mafi yawansu sun ƙare da wma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekarun da ake kai faifan sidi shagon kwamfuta a juye, manhajar Windows Media Player ake amfani da ita, kuma idan ba a canza mata saiti ba WMA take fitarwa. Shi kuwa WMA ba ya cikin nau'o'in da Android ya ɗauki alkawarin karantawa. Wasu kamfanoni sukan ƙara shi a na'urorinsu, wasu ba sa ƙarawa, iPad ma ba ya karanta shi da kansa. Shi ya sa waƙa takan yi a tsohuwar wayarka ta ƙi a sabuwa wadda ta fi ta tsada.

Kawu ya ce yaron nan ya gwada goge wma ya rubuta mp3 a madadinsa, amma ba ta yi ba. Ba za ta yi ba kuwa. Ka je kasuwar Farin Gada ka ga buhun da aka rubuta taki a jikinsa, ka buɗe ka tarar da karas ko kabeji. Haruffan da ke ƙarshen suna rubutun jikin buhu ne, sauya su ba ya sauya abin da ke ciki. Ƙari ma, yana rikita manhajar da ta yarda da rubutun, ta kira tafintan MP3 ga mai magana da wani yare.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a kawo manhajar da ke tafe da tafintocinta. VLC ita ce wadda na sani kuma na amince da ita. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, har yau ba ta karɓar kuɗi ba ta kuma cusa talla. Tana nan a Play Store da App Store. Ba ta jiran abin da tabilet ya iya, da kanta take karanta WMA da FLAC da Opus da AMR. Muna saka ta, waƙoƙin da suka yi wata guda suna ƙi suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata ƙaramar hujja kuma da ta sa nake cewa a saka manhajar kiɗa ta musamman: tun da Google ya rufe Google Play Music a 2020, tabilet da dama suna zuwa da YouTube Music ne, wadda hankalinta ya fi karkata ga waƙoƙin intanet, fayilolin cikin na'ura kuwa sai an bi lungu kafin a kai gare su.

Amma ba duka VLC ta iya tayarwa ba, kuma a nan ne raina ya sosu. Akwai wata folda mai fayiloli 14, sunayensu Track01 har zuwa Track14, duk sun ƙare da cda. Na duba nauyinsu, kowanne bai kai kilobait 1 ba. Wannan kuskure ne da ya zama ruwan dare a wancan zamanin. Idan ka sa faifan sidi na waƙa a kwamfuta, Windows yana nuna maka waɗannan 'yan fayiloli, kowanne bait 44 kacal, aikinsu kawai nuna inda waƙa ta fara a jikin faifan da tsawonta. Wanda ya kwafe su ya zuba a memori ya kwafo allon kwatance ne ya bar garin a baya. Waƙar tana jikin faifan, sai an juye ta da manhajar juyewa. Babu manhajar da za ta fitar da sauti daga abin da babu sauti a ciki.

Don haka nake cewa kowa ya koyi duba nauyin fayil, domin yana tona asiri fiye da suna. Waƙar minti 5 a MP3 ba ta rasa megabait 3 zuwa 12. Idan ka ga 'yan kilobait, ko sifili, to ko sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, ko shafin intanet ne aka sauko maka da shi aka lika masa sunan waƙa. Mafi hatsari shi ne wanda ya ƙare da apk. Wannan manhaja ce ta sa rigar waƙa. Waƙa ba ta taɓa neman a girka ta a na'ura, ba ta neman izinin karanta saƙonninka. Duk wadda ta nemi haka a goge ta nan take, musamman a na'urar da ke da manhajar banki.

Sai waɗanda Kawu ya ce bai gan su ba sam. Wannan wani babi ne. Galibin manhajojin kiɗa ba sa yawo folda-folda suna neman waƙa. Android yana da rajista da yake rubuta duk wani sauti da hoto da bidiyo, manhajar kuma rajistar take karantawa. Abin da bai shiga rajista ba, a wurinta babu shi, ko da yana zaune daram a memori. Kaza ce ke nan ta kwana a kan dami da yunwa. Wani lokaci jinkiri ne kawai, idan aka kashe tabilet aka kunna sai ya sake zagayawa ya rubuta. Wani lokaci foldar ce: abin da aka ajiye a Ringtones ko Alarms ko Notifications, Android ba ya lissafa shi a matsayin waƙa. Wani lokaci kuma izini ne. Tun daga Android 6 na 2015 manhaja sai ta roƙi izini kafin ta taɓa ma'ajiya, daga Android 13 na 2022 kuwa izinin kiɗa da sauti ya zama dabam da na hotuna. Dattijo ya ga tambaya da Turanci ta faɗo masa a allo, ya danna "a'a" don tsoro, manhajar ta zauna wayam. Ana gyara wannan a cikin saiti, a ɓangaren izinin manhajar.

Na Kawu kuwa wani ɓoyayyen fayil ne mai suna .nomedia. Ba shi da nauyi, ba ya ɗauke da komai, amma duk foldar da yake ciki Android yana tsallake ta da duk abin da ke ƙarƙashinta. Fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ba ya fitowa sai an kunna zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli. WhatsApp yana ajiye irinsa a foldar saƙonnin murya, kuma da hikima ya yi haka, in ba haka ba kana tsakiyar jin bege sai muryar mai kawo maka dankali ta shigo. Wani jika ne ya kwafo foldar sukutum daga wayarsa, har da wannan alama. Ba mu goge ta a gidanta na asali ba, mun kwashe karatuttukan da ake so ne muka mayar da su foldar Music.

Shi kansa memorin yana da nasa sharuɗɗan, kuma a nan aka fi yin asarar da ba ta dawowa. Memori mai giga 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa. Wanda ya haura haka yana zuwa da exFAT, kuma wasu tsofaffin tabilet ba su san shi ba. Sai su ce memorin ya lalace, su tambaya ko a yi masa fomat. Kada a danna. Fomat sharewa ce. A cire shi, a kai kwamfuta, a kwashe abin da ke ciki tukuna. Haka nan idan tabilet ya tambaya ko a mayar da memori ma'ajiyar ciki ko a bar shi na ɗauka-ka-tafi, mai tarin waƙoƙi ya zaɓi na biyun. Na farkon yana share memorin ya kulle shi da mabuɗin da ke cikin wannan na'ura kaɗai. Ba zai yi a rediyo ba, ba zai yi a mota ba, kuma ranar da aka yi wa tabilet ɗin filashin mabuɗin ya tafi, duk abin da ke memorin ya tafi da shi.

Akwai kuma memorin jabu, ni kaina ya taɓa ci na. Na saya a bakin titi an rubuta giga 64, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. An yi wa irinsu dabara ne su riƙa faɗin girman da ba su da shi. Kana zuba kaya yana karɓa, sunaye suna jeruwa, amma da zarar an wuce ainihin cikinsa sai abin da ake zubawa ya riƙa lalacewa. Alamarsa ita ce wani rukuni na fayiloli yana yi lafiya, wani rukunin kuma ga suna ga nauyi daidai amma babu manhajar da ke buɗe shi. Araha ba ta ado. Akwai wata ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta, H2testw, da ke cika memori ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar cikinsa. A gwada sabon memori da ita kafin a damƙa masa amanar shekaru.

Matasan gidan sun kawo nasu ƙorafin da suka ga ana dubawa. Ɗaya ta ce ta sauke waƙoƙi a Boomplay a wayarta, ta tura foldar ta Xender zuwa tabilet, babu wadda ta yi. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina abin. Abin da kake saukewa a cikin Boomplay ko Audiomack ko Spotify don ji ba tare da data ba, galibi a kulle yake, manhajar da akawun ɗinka ne kaɗai ke buɗe shi. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana ma buƙatar ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina yi. Hanyar ita ce a saka manhajar a tabilet, a shiga da akawun ɗin, a sake saukewa. Ban ga laifin wannan kulle ba, domin mawaƙi ma da iyali, kuma mun ga yadda turi barkatai ya hana masu fasaharmu cin guminsu. Sai dai mutum ya san cewa aro aka ba shi, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Irin abin da ke memorin Kawu, wanda wasu ma a gidan suna ko a filin wasa aka naɗe su da rikoda, ba lallai ka same shi a waɗannan manhajoji ba. Wanda ke riƙe da irinsa ya riƙe da kyau, ya yi kwafi biyu a wuri biyu.

Mai iPad nasa lamarin dabam ne kaɗan. Babu ramin memori, kuma manhajar Music ba ta ɗaukar waƙar da ka jefa a na'urar kai tsaye, sai an bi da ita ta kwamfuta. Amma tun 2017 akwai manhajar Files da ke kunna MP3 da m4a da FLAC, tun 2019 kuma ana iya jona filas, wato 'yar ma'ajiyar USB. Wanda ke son jerin waƙoƙi mai bin juna ya zuba su a foldar VLC ya huta. Mai jona tabilet ɗin Android da kwamfuta kuma ya tuna cewa wani kebul na caji ne zalla, kuma ko mai kyau ne sai an ja allo daga sama an zaɓi tura fayiloli.

Kawu ya tambaya ko ba za a mayar da su duka MP3 ba, tunda yana so su riƙa yi a 'yar rediyonsa mai memori da kuma a mota. Tambaya ce mai kyau, domin a yau babu yaren da ya kai MP3 karɓuwa, ga shi tun 2017 aka daina biyan kuɗin lasisinsa. Ana iya juyawa da VLC ta kwamfuta. Na dai ce masa ya tuna lokacin da ake kwafar kaset daga kaset, yadda na uku ba ya kai na farko tsabta. Ya ce ai har shuu ake ji. To haka juya WMA zuwa MP3 yake, WMA ya riga ya zubar da nasa, MP3 zai ƙara zubar da wani. Sau ɗaya ba ya yin illar da kunne zai damu, amma a yi daga na asali, a kuma ajiye na asalin. Ɗaga waƙa daga kilobit 128 zuwa 320 kuwa ba ya dawo da abin da ya zube, wuri kawai take ƙara ci.

Muna gamawa ana kiran Azahar a masallacin unguwa. Na jera masa foldoji uku a VLC, karatu da tafsiri, bege, sai kiɗan gargajiya, na ƙara girman rubutun allon don ya riƙa gani ba sai da tabarau ba. Ya danna ɗaya da kansa, kuntigi ya ɗauka a zauren, ya ɗan saurara yana kaɗa kai sannan ya tsayar don a tafi salla.

A hanya ya sake tayar da maganar guda 14 ɗin nan.

"Ka ce tana jikin faifan?"

"Tana nan, Kawu, in dai faifan bai karce ba."

Ya yi shiru har muka kai bakin masallaci. Yana cire takalmi ya ce yana jin faifan na cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Inna, in kuma ba ya nan to yana Bukuru wurin wani amininsa da ya ara tun kafin ya yi ritaya. Ya ce in nemo kwamfutar da har yanzu ke da wurin sa faifai, in zo da ita ranar Lahadi bayan La'asar.